Daren Alƙahira: Tsakanin Baƙo Mai Hutu da Ɗalibi Mai Jarrabawa

Baƙon Masar:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Yau mako biyu ke nan da dawowata daga Alƙahira, inda na yi kwana tara a hannun wasu abokaina uku da muka taso tare, biyu suna Jami'ar Azhar, na ukun kuma yana karatun likitanci a wata jami'ar ta daban. Na yi muku alkawarin labari, ga shi na kawo, sai dai a ƙarshensa akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, wadda nake so manyanmu na wannan zaure su warware mini.

Ranar Alhamis na sauka, ashe kuwa daren Alhamis shi ne babban daren garin, domin Juma'a da Asabar ne ranakun hutunsu. Bayan sallar isha'i muka bar unguwarsu ta Madinatu Nasr a ƙaramar motar haya, muka shiga titin Mu'izz ta ƙofar da ake kira Babul Futuh, wadda aka gina tun 1087. Tsawon titin zuwa ɗaya ƙofar, wadda ake kira Babu Zuwaila, kusan kilomita ɗaya ne kawai, amma mun shafe awa biyu ba mu kai ƙarshensa ba, saboda duk taku goma sai na tsaya ina ɗaga kai. An haska masallatai da hasumiyoyi da fitilu daga ƙasa, har sassaƙar da ke jikin ginin Sarki Ƙalawun tana fitowa fiye da yadda ake ganinta da rana. Mutanen ma sun fi ginin ba ni mamaki. Ƙarfe 11 na dare, ga magidanci da iyalinsa da jariri a kafaɗa, ga yara suna buga ƙwallo a gindin bangon da ya haura shekara 700, ga tsofaffi sun baje kujeru a bakin hanya suna hira kamar yanzu aka idar da la'asar.

Daga nan muka karkata zuwa kasuwar Khan Khalili, muka zauna a gidan shayin Fishawi, wanda ya haura shekara 200 yana aiki, kuma a nan ne marubucin nan Najib Mahfuz, da ya sami kyautar Nobel a 1988, ya saba zama. Wurin lungu ne matsattse, manyan madubai sun cika bango, gwiwarka tana gugar ta wanda ba ka sani ba, ana kawo shayi da ganyen na'ana'a a 'yar buta. A hanyar komawa na tsaya wajen mai matse ruwan rake, na tattaro duk Larabcin da na koya a littafi na nemi kofi guda da cikakken i'irabi. Mutumin ya dube ni, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce "sadaƙallahul azim", abokaina suka yi ta dariya har da riƙe ciki. A nan na fahimci Larabcin titi daban yake, inda ƙahwa take komawa "ahwa", jami'a kuma take komawa "gam'a".

Haka muka ci gaba kusan kullum. Mun tsaya a gadar Ƙasrun Nil mai gumakan zakuna, mun shiga kwalekwale mai filafilai a kan Kogin Nilu, mun ci koshari, abincinsu na haɗin shinkafa da taliya, da tsakar dare, ba mu komawa gida sai ƙarfe 2 ko 3. Sai a rana ta bakwai na ji daga bakin wani maƙwabcin ɗakinsu cewa ɗaya daga cikin abokan nawa ya shiga jarrabawar baka ta haddar Alƙur'ani washegarin daren da muka yi a kan kogi. Bai faɗa mini ba, kuma a duk kwanakin nan ba su bari na biya ko kuɗin mota ba. To tambayata ita ce, na zalunce su ne ba tare da na sani ba, ko kuwa wannan shi ne haƙƙin baƙo a kan mai masauki?

Tsohon Ɗalibin Azhar:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tunda kai da kanka ka nemi a faɗa maka, zan faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba: kaso mafi girma na laifin naka ne. Shekara bakwai na yi a garin nan, huɗu daga ciki a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, kuma na karɓi baƙi irinka da ba zan iya ƙirga su ba. Duk wanda ya san karatun Azhar ya san cewa daga watan Mayu zuwa Yuni ɗalibi ba nasa ba ne, haka ma watan Janairu. Littattafan muƙarrar, wato na manhajar karatu, da aka tara tun farkon zango a lokacin ake cinye su, ga hadda da za a zauna gaban shehi ya ɗauko aya daga inda ya ga dama ya ce a ci gaba. Wanda ya kwana a kan kogi har ƙarfe 3, da wace ƙwaƙwalwa zai ci gaba?

Kada ka ce ai bai faɗa maka ba. Babu ɗalibin da zai buɗe baki ya ce wa abokinsa da ya ƙetaro ƙasashe, "yau ba zan fita ba." Kunya ba za ta bar shi ba. Tambaya ɗaya kafin ka yanki tikiti, wato yaushe ne jarrabawarku, da ta raba wannan gardama.

Batun kuɗi kuma ya fi ba ni tausayi. A watan Maris na 2024 kuɗin Masar ya faɗi a rana guda daga kusan fam 31 kan dala ɗaya zuwa kusan fam 50, haya da abinci suka bi shi sama. Baƙon da ya shigo da dala yana ganin komai da araha, shi kuwa ɗalibin da ke jiran ɗan abin da ake turo masa yana lissafin kowane fam. Ina tabbatar maka, bayan tafiyarka sun yi makonni suna cin wake da burodi safe da yamma don cike ramin da kwana taran nan suka haƙa.

Uwar Ɗalibai:
Malam, Allah ya saka da alheri, ka faɗi rabin abin da ke raina. Ni 'ya'yana biyu suna karatu a waje, kuma sauran rabin shi ne ban ga dalilin yawon daren ba tun farko. Me za a gani da dare wanda ba za a gani da rana ba? Dare rigar mugu ne, balle a garin da ba naka ba, inda ba ka san lungu ba, ba ka san harshe ba, in wani abu ya faru ba ka da dangin da za su tsaya maka.

Ɗana, akwai kuma abin da ba ka yi tunaninsa ba, wato hotunan da ka yi ta sakawa a Facebook. Na gan su, kuma na san iyayen yaran nan ma sun gan su. Uba yana nan yana matse bakin aljihunsa yana tura kuɗin makaranta, sai ya buɗe waya ya ga ɗansa a kan kwalekwale ƙarfe biyun dare yana washe baki. Ba zai san dare tara ne kacal a cikin shekara ba, zai ɗauka haka rayuwar take. Na san gidan da irin wannan hoton ya sa aka rage wa yaro kuɗin da ake tura masa, alhali shi bawan Allah rakiya kawai ya yi.

Likita A Hanya:
Mama, ina neman afuwa, zan ɗan saɓa miki a kashi na farko, ko da yake maganar hotuna gaskiya ce tsantsa. Ina shekara ta biyar a Alƙahira, kuma wanda bai zauna a nan ba zai yi wuya ya gane cewa daren garin nan ba lokacin ɓuya ba ne. A watannin zafi rana takan haura maki 35, wani lokaci ta kai 40, don haka mutane suna ɗage harkokinsu zuwa bayan magariba. Likitoci da yawa sai da yamma suke buɗe ɗakunan duba marasa lafiya nasu na kansu, ana sayayyar kayan gida da dare, ana kai yara shan iska da dare. Har sai da gwamnati ta kafa dokar lokacin rufewa a watan Disamba na 2020, inda shaguna za su rufe ƙarfe 10 a lokacin sanyi da ƙarfe 11 a lokacin zafi, gidajen abinci da na shayi kuma ƙarfe 12 ko 1, kuma ko ita ba a ko'ina ake bin ta sau da ƙafa ba. Garin da sai an sa doka kafin ya kwanta, wanda ya zo ya gan shi da rana kawai cunkoson motoci da ƙura ya gani. Ba a ma maganar watan azumi, lokacin da dandalin masallacin Husaini yake cika maƙil har zuwa sahur.

Amma ban ce babu matsala ba, musamman gare mu mata. Cin zarafin mata a titi abu ne sananne, shi ya sa aka mayar da shi laifi a dokar ƙasar a 2014, aka kuma tsananta hukuncinsa a 2021. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, yana da taragu na mata zalla a tsakiyarsa, kuma a nan nake shiga ko da rana ne. Idan ƙawa ta ziyarce ni, mukan fita mu huɗu ko biyar, mu je lambun Azhar da yamma mu ga yadda hasumiyoyin tsohon birni suke kama haske ɗaya bayan ɗaya lokacin kiran magariba, mu ci abinci, mu kama hanya tun jirgi bai daina aiki ba. Wannan ma yawon dare ne, kuma ban taɓa jin kunyar gaya wa mahaifina na yi shi ba.

Uwar Ɗalibai:
'Yata, na ji bayaninki kuma na ƙaru, domin ban san zafi ne yake tura su fita ba. Amma ki lura, ke da bakinki kin ce kuna dawowa tun jirgi bai tsaya ba. Su waɗannan sai ƙarfe 3. Tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 3 akwai tazara mai yawa, kuma a cikin tazarar nan ne hankalin uwa yake tashi.

Ɗan Santambul:
Ni a Turkiyya nake karatu, amma ku ba ni dama in sa baki, domin abin da Hajiya take tsoro na gan shi da idona. Daren Santambul yana da daɗi ƙwarai. Titin Istiklal, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, ba ya rabuwa da jama'a, ga ɗan jan taragon nan na gargajiya yana ratsa su yana kaɗa ƙararrawa. Abin da na fi so in nuna wa baƙo shi ne jirgin ruwa daga Karakoy zuwa Kadikoy, tafiyar kamar minti 20 daga Turai zuwa Asiya, kana riƙe da ɗan kofin shayi, masallatan tsohon birni suna haske a bayanka.

Bara wani ɗan ajinmu na sakandare ya zo wurina. A dare na uku na ce masa ina da aikin da zan miƙa da safe, kuma masaukinmu na ɗalibai yana da lokacin rufe ƙofa, sai ya ce in bar shi ya zaga shi kaɗai. A kan titin wani mutum mai tsaf da shi ya yi masa magana da Turkanci kamar ya ɗauka ɗan gari ne, sannan ya juya Turanci ya ce shi ma baƙo ne, ya ja shi da hira har wani gidan shaye-shaye a cikin lungu. Abokina lemo kawai ya sha, amma wasu mata suka zo suka zauna a teburin aka yi ta kawo musu kwalabe, da ya tashi tafiya aka miƙo masa takardar kuɗin da ta kusa cinye guzurinsa gaba ɗaya, ga ƙarti biyu sun tsaya a bakin ƙofa. Har na'urar cirar kuɗi suka raka shi. Wannan damfara ce da duk wanda ya zauna a garin ya san ta, kuma da ina tare da shi ko kallon mutumin ba za mu yi ba.

Shi ya sa nake ganin maganar Malam tana da wani gefen. Idan ɗalibi ya ce ba zai fita ba, baƙon ba zama zai yi a ɗaki ba, fita zai yi shi kaɗai, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne. Tun daga ranar ban sake barin baƙona ya fita da dare ba tare da ni ba, ko da kuwa zan kwana ina aiki bayan mun dawo.

Tsohon Ɗalibin Azhar:
Ai ka ƙarfafa maganata ne, ɗan'uwa. Ka ga yanzu nauyi biyu ya hau kanka, na karatu da na gadin baƙo, duk saboda ya zo a lokacin da bai dace ba. Akwai ma na uku da ba a ambata ba, wato takardar izinin zama, wadda ake kira iƙama. A Masar 'yan sanda sukan kafa shingen bincike da dare, wanda ake kira kamin, kuma sun fi tsayar da matasa maza. Baƙo yana da sabuwar biza a fasfonsa, ba abin da zai same shi. Ɗalibi kuwa sau da yawa iƙamarsa ta ƙare yana jiran sabuntawa, ko fasfon ma yana ofishin shige da fice, kuma irin wannan jiran yakan ɗauki lokaci. Idan aka tsayar da su tare, baƙon zai wuce, ɗalibin ne zai kwana yana bayani. Haka kuma baƙo da wayarsa a hannu yana ɗaukar hoton duk abin da ya gani, bai san cewa ɗaukar hoton ofishin 'yan sanda ko wurin sojoji laifi ne a ƙasar ba.

Mai Neman Sani:
Ina da tambaya ga mai labarin, kuma ina fata ba zai ɗauke ta da zafi ba. Duk wanda ya san Alƙahira ya san akwai titin Haram da gidajen rawarsa, akwai kuma jiragen ruwan da ake kiɗa da shaye-shaye a cikinsu. Shin labarin da ka ba mu shi ne duka, ko kuwa an tace mana ne saboda akwai iyaye a zauren?

Mai Kula Da Zaure:
Malam, a yi hattara. Tambaya a kan wuraren da ke garin tana da hurumi, amma kada mu mayar da zauren wurin tuhumar mutane a kan abin da ba mu gani ba.

Baƙon Masar:
Ba komai, shugaba, zan amsa. Wuraren suna nan, mun wuce ta gaban wasunsu a mota, kuma wani direban tasi ya yi mini tayin kai ni tun daga filin jirgi, da ya ga ni kaɗai ne. Ba mu shiga ba, kuma ba don tsoron wani ba, abokaina ba mutanen wurin ba ne, ni ma haka. Abin da na lura da shi shi ne, garin da mutanensa suka haura miliyan 20 yana da dare iri-iri, kuma wanda ka bi shi ne yake zaɓa maka wanda za ka gani. Maganar Malam da ta Hajiya kuwa sun shige ni. Hotunan na sauke su ɗazu, kuma ban taɓa kawo batun iƙama a raina ba sai yau.

Mai Masaukin Baƙi:
Assalamu alaikum. Tun safe nake karanta wannan muhawara ina dariya ni kaɗai, domin ni ne wanda ya shiga jarrabawar. Na so in yi shiru, amma na ga ana neman yanke wa abokina hukunci ba a ji daga bakin wanda aka ce an zalunta ba.

Malam, duk abin da ka faɗa game da kuɗi gaskiya ne, har waken ma mun ci, kuma jarrabawar ba ta yi kyau yadda nake so ba. Shehin ya ɗauko mini daga tsakiyar Suratu Yunus, na yi aya uku na tsaya cak, sai da ya buɗe mini sau biyu. Amma akwai abin da ban ga kowa ya faɗa ba. Shekarata huɗu a garin nan, tsakanin masallacin Azhar da titin Mu'izz tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, kuma ban taɓa taka titin da dare ba sai da wannan bawan Allah ya zo. Rayuwata daga ɗaki sai aji, daga aji sai layin sabunta takardu, sai kuma ɗaki. Kogin Nilu ta tagar mota kawai nake ganinsa. A daren da muke kan kwalekwalen nan, da mai tuƙin ya saki igiya iska ta ja mu zuwa tsakiyar ruwa, hayaniyar motoci ta yi nisa, muka shiga tuna malamanmu na firamare da sunayen da muka laƙaba musu, na yi dariyar da na manta rabon da in yi irinta. Na san da jarrabawar sarai lokacin da na sa takalmina. Ban faɗa masa ba ne domin na san in ya ji zai ce a zauna, ni kuma ba na son a zauna.

Hajiya, mahaifina ya ga hoton kafin a sauke shi, ya kuma kira ni. Tambayar da ya fara yi mini ita ce ko kwalekwalen yana da rigar kariya daga nutsewa.

Uwar Ɗalibai:
To, ɗana, yana da ita?

Mai Masaukin Baƙi:
Ban duba ba, Hajiya, kuma haka na gaya masa. Faɗan da na sha a kan wannan ya fi wanda na sha a kan jarrabawar.

Tsohon Ɗalibin Azhar:
Allah ya shirye ka. Ban janye maganata ba, domin da ya zo bayan jarrabawa da ka sami dariyar ka kuma sami Suratu Yunus. Amma na tuna ni ma sai a shekarata ta biyar na fara hawa hasumiyar Alƙahira, dogon ginin nan da ake hawa a hango garin, kuma baƙo ne ya ja ni.

Mai Neman Sani:
Ni ma ina da ƙane a can, kuma ina shirin kai masa ziyara. Wane lokaci ne ya fi dacewa, kuma me zan riƙe masa?

Mai Masaukin Baƙi:
Yaya, ka zo a ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. A lokacin an gama jarrabawar zangon farko ana hutun tsakiyar shekara, kuma a daidai nan ake yin baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969, yanzu kuma ake yin sa a sabuwar cibiyar baje koli da ke Sabuwar Alƙahira. Ka tambaye shi ko iƙamarsa tana da sauran kwanaki kafin ku tsara fita, kuma kada ka tsaya jayayya da shi a gaban mai shayi a kan wanda zai biya, domin ba zai bari ba. Ka bari sai ranar tafiyarka ka sa abin da za ka sa a cikin littafin da yake karantawa. Ka kuma zo da rigar sanyi mai kauri, domin iskar bakin kogi a watan Janairu ba ta da sauƙi, kuma yawancin ɗakunanmu ba su da na'urar ɗumama ɗaki.